Wasan da Ya Ƙi Jinin Windows: Yadda Ake Tayar da Ultima VII a Kwamfutar Yau

 

A watan Afrilun 1992 wani kamfani mai suna Origin Systems, da ke birnin Austin a jihar Texas ta Amurka, ya fitar da wasan kwamfuta mai suna Ultima VII: The Black Gate. Abin da wasan ya nema a lokacin shi ne kwamfuta mai furosesa 386, da RAM megabayit 2, da fili a rumbun ajiya na megabayit 20 da 'yan kai. Yau wayar hannu mai araha tana zuwa da RAM gigabayit 2, wato ninki dubu ke nan. Amma duk wanda ya kwafi fayilolin wasan ya zuba su a sabuwar kwamfuta mai Windows 11, ya danna, abin da zai gani kawai shi ne ɗan akwati mai cewa wannan manhaja ba za ta yi aiki a nan ba. Ƙarfi ya yi yawa, wasa ya ƙi tashi. Dalilin haka, da hanyoyi biyu da masu sha'awar wasan suka bi suka shawo kansa, su ne abin da wannan lacca za ta duba.

Ga wanda bai saba da irin waɗannan wasanni ba, Ultima VII yana cikin ajin da ake kira RPG. Labari ne mai tsawo wanda ɗan wasa ke shiga cikinsa a rigar jarumi, ya yi yawo gari-gari, ya yi hira da jama'a, ya tara abokan tafiya, ya kwashe makonni kafin ya ga ƙarshe. Richard Garriott ne ya ƙirƙiro jerin Ultima tun 1981, har ya naɗa kansa sarkin ƙasar da ke cikin wasan, Britannia, da laƙabin Lord British. A kashi na bakwai, jarumin da ake kira Avatar yana dawowa ƙasar bayan shekara 200 a lissafinsu, ya sauka a garin Trinsic, ya tarar an kashe maƙerin garin a cikin bargar dawakai. Bin sawun wannan kisa shi ke kai shi ga wata ƙungiya mai daɗin baki, Fellowship, da shugabanta Batlin.

Ba labarin kaɗai ya sa ake tuna wasan ba. Mutanen garuruwan suna da harkokinsu ko ɗan wasa yana nan ko ba ya nan. Da safe mai shago ya buɗe, da yamma ya tafi gidan abinci, da dare ya kwanta, wanda ya zo sayen takobi a tsakar dare kuwa ya tarar da ƙofa a garƙame. Ana iya ɗauko garin alkama a zuba a tebur, a kawo ruwa a bokiti, a kwaɓa, a sa a tanda, burodi ya fito. Abokan tafiya kuma in sun ji yunwa ba sa barin mutum ya huta da ƙorafi. A 1992 wannan abin mamaki ne, kuma kowane buhun gari da kowace fitilar titi suna buƙatar wurin zama a ƙwaƙwalwar kwamfuta. A nan gizo yake saƙar.

Lokacin da IBM ya fitar da kwamfutarsa ta PC a 1981, furosesar da ke cikinta, Intel 8088, ba ta iya ganin ƙwaƙwalwar da ta wuce megabayit 1. Daga ciki aka ware wa manhajoji kilobayit 640, sauran aka bar wa na'urori. Shekara goma bayan haka furosesa 386 tana iya ganin har gigabayit 4, amma MS-DOS yana nan a tsohon tsarinsa, yana tafiyar da sabuwar furosesa kamar ta 1981. Duk mai rubuta babban wasa sai ya nemi hanyar tsallake katangar 640. Wasu sun dogara da EMM386, wata manhaja da ke zuwa tare da DOS tana ba da ƙarin ƙwaƙwalwa gutsure-gutsure. Wasu sun sayi manhajar faɗaɗa DOS, irin DOS/4GW da wasan Doom ya yi amfani da ita a 1993. Mutanen Origin suka ce su tasu za su rubuta, suka sa mata suna Voodoo.

Dabarar Voodoo ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce tushen duk wahalar da ta biyo baya. Furosesa 386 tana da yanayi biyu manya. Akwai tsohon yanayi wanda DOS ya sani, mai ƙuntatacciyar iyaka. Akwai kuma yanayin kariya, inda ƙwaƙwalwa duka take a buɗe amma DOS ba ya iya aiki kai tsaye. Voodoo takan shiga yanayin kariya na ɗan ƙiftawar ido, ta ɗage iyakar zuwa gigabayit 4, ta komo tsohon yanayi. Furosesar kuwa ba ta mayar da iyakar inda take a da. Sai wasan ya samu biyu a ɗaya: yana magana da DOS kamar kullum, yana kuma miƙa hannu cikin dukkan RAM. Wayo ne na gaske, kuma ya yi aiki.

Sharaɗinsa ɗaya ne: kada wani ya riga shi riƙe furosesar. EMM386 kuwa aikinta ke nan, tana kama furosesar tun kwamfuta na tashi. Don haka Ultima VII ba ya zama inuwa ɗaya da ita. To amma EMM386 ɗin ce ke ba mutum damar kwashe ƙananan manhajojin linzami da na faifan CD daga cikin kilobayit 640 ɗin nan ya kai su sama. In an cire ta, sai su dawo su cinye filin da wasan yake buƙata. A bar ta wasa ya ƙi, a cire ta fili ya gaza. Shi ya sa 'yan wasan wancan zamani suka ƙware a gyaran fayiloli biyu, CONFIG.SYS da AUTOEXEC.BAT, suna goge layi suna sake kunna kwamfuta, suna neman manhajar linzami mafi ƙanƙanta, daga ƙarshe su haɗa faifan fulofi na musamman wanda ba a tayar da kwamfuta da shi sai in Ultima VII za a buga. Wato tun yana sabo fil wasan nan bai taɓa zuwa da sauƙi ba.

Windows ma furosesar take riƙewa, don haka ita ma Voodoo ba ta shiri da ita. A zamanin Windows 95 da 98 akwai mafita, tunda DOS na nan a ƙarƙashi, mutum yana iya rufe Windows ya koma can. Windows XP ta 2001 ta zo ba DOS na gaske a ƙasanta, sai wani ɗan kwaikwayonsa mai suna NTVDM, wanda ba ya barin wasa ya taɓa yanayin furosesa. Nau'in Windows mai bit 64 ko wannan ɗin ma ba shi da shi, Windows 11 ta 2021 kuma mai bit 64 ce kaɗai. Ƙofa ta rufe ruf.

Kamfanin da ya kamata ya gyara shi ma bai daɗe ba. Electronic Arts ya sayi Origin a watan Satumbar 1992, watanni kaɗan bayan fitowar wasan, ya kuma rufe shi a 2004. Masu lura sun daɗe da gano habaicin da ke cikin wasan: na'urori uku na mugun da ke cikin labarin, wato Guardian, suna da siffar ƙwallo da akwati da dala, daidai da tambarin Electronic Arts na lokacin, kuma wasu manyan 'yan Fellowship biyu sunansu Elizabeth da Abraham, E da A. An yi habaici, sannan aka koma ƙarƙashin wanda aka yi wa. Asalin rubutun manhajar wasan kuwa ba a taɓa sakinsa ga jama'a ba. Aikin ceto ya faɗa hannun 'yan sa-kai.

Hanya ta farko ita ce a ƙyale wasan yadda yake, a ƙera masa tsohuwar kwamfutar da ya sani, amma da manhaja. Wannan shi ne DOSBox, wanda wasu 'yan ƙasar Holan biyu, Peter Veenstra da Sjoerd van der Berg, suka fitar a 2002. DOSBox yana kwaikwayon komai: furosesa, katin hoto na VGA, katin sauti, linzami, har da DOS ɗin kansa. Voodoo tana yin dabararta a kan furosesar bogi, Windows ko a jikinta.

Ga yadda abin yake a aikace. In an buɗe DOSBox baƙar taga ce ke fitowa, da harafin Z yana jira. Mutum ya rubuta mount c c:\wasanni, ma'ana ya ce wa DOSBox ya ɗauki wannan folda a matsayin rumbunsa na C. Ya rubuta c: ya shiga, ya rubuta cd ultima7, sannan install domin ya zaɓi katin sauti. A nan sababbin shiga suke tuntuɓe, don wasan zai tambayi lambobin da ba wanda ya ƙara jin labarinsu tun shekarun 1990. Amsar da DOSBox ya tanada ita ce Sound Blaster a adireshi 220, IRQ 7, DMA 1. Kafin a rubuta ultima7 kuma, dole a buɗe fayil ɗin saitin DOSBox a nemo layin da ke cewa ems=true a mayar da shi ems=false. Rigimar 1992 ce ta biyo wasan har cikin kwamfutar bogi. Wanda ya manta da wannan layi guda, wasan zai kore shi tun daga bakin ƙofa.

Sai batun gudu. Kwamfutar 386 mai kyau tana tafiya ne a megahaz 33, ta yau kuwa ta haura gigahaz 3. Ultima VII bai san ya jira agogo yadda ya kamata ba, iyakar ƙarfin injin yake bi. In an sakar masa linzami sai a ga mutanen Trinsic suna ta zirga-zirga da gudun da ido ba ya iya bi, faɗa ya ƙare kafin a ɗaga hannu. DOSBox yana da ma'aunin gudu da yake kira cycles. Ctrl da F11 suna rage shi, Ctrl da F12 suna ƙarawa, mutum ya yi ta gwadawa har tafiyar jarumi ta zama tafiyar mutum.

Hoto ma yana da nasa tarko. Wasan an zana shi ne a ɗigo 320 a kwance, 200 a tsaye, da launi 256. Tsofaffin allunan kwamfuta masu ƙeya suna miƙe wannan hoto ya cika ma'aunin 4 da 3, don haka kowane ɗigo ya ɗan fi tsawo a kan faɗi. Allon yau ɗigonsa murabba'i ne. In ba a kunna aspect=true ba, fuskokin mutane sukan fito a baje, in kuma aka bar hoton ya cika faffaɗan allo daga gefe zuwa gefe, abin ya ƙara muni. Baƙaƙen ginshiƙai biyu a hagu da dama ba lahani ba ne, alama ce an saita daidai.

Kiɗan kuwa, wanda ya ji shi ta Sound Blaster ya ji rabinsa ne. Mafi kyawun sautinsa yana fitowa ne ta Roland MT-32, wani akwatin kiɗa na Japan da aka fitar a 1987, wanda tsadarsa ta sa 'yan wasa ƙalilan ne suka mallake shi. Akwai manhajar da ke kwaikwayonsa, Munt, kuma sababbin rassan DOSBox, wato DOSBox Staging da DOSBox-X, sun haɗa ta a ciki. Sai dai tana buƙatar fayilolin ROM na ainihin akwatin, waɗanda mallakar Roland ne, ba a raba su tare da manhajar. Zancen rassa kuma ya zo ne saboda asalin DOSBox ya daɗe a tsaye: sigar 0.74 ta fito a 2010, gyaranta na 0.74-3 a 2019.

Hanya ta biyu ta fi ƙarfin hali. A ƙarshen shekarun 1990 wani mai rubuta manhaja, Jeff Freedman, ya fara ɗan aiki don kawai ya iya kallon taswirar Britannia a kwamfutarsa mai Linux. Ya zauna yana warware fayilolin wasan ɗaya bayan ɗaya, yana gano inda aka ajiye bishiyoyi, inda aka ajiye gidaje. Wasu suka shigo suka taya shi. Daga kallon taswira aka kai ga tafiya a cikinta, daga nan aka kai ga hira da mutanen gari, har siga ta 1.0 ta fito a 2002 da sunan Exult. Abin da suka yi shi ne abin da bakanike ke yi wa tsohuwar Fijo 504 mai lafiyayyar gangar jiki: a sauke injin da ya ƙi, a ɗora sabo, kujeru da sitiyari suna nan yadda suke. Exult ya watsar da manhajar Origin gaba ɗaya, har da Voodoo, ya riƙe hotuna da taswira da kiɗa da hirarraki na asali.

Abin da ya sa hakan ta yiwu shi ne yadda Origin ya tsara wasan. Hirarraki da abubuwan da ke faruwa in an taɓa wani abu ba a cikin injin aka rubuta su ba, suna cikin wani fayil daban mai suna usecode, da wani ƙaramin harshe na kamfanin. Mutanen Exult ba su da littafin wannan harshe. Sai da suka bi umarninsa ɗaya-ɗaya, suna gwadawa suna kwatantawa da ainihin wasan, har suka gane me kowanne yake yi.

Amfani da shi ba wuya. A sauke Exult kyauta, a nuna masa foldar da wasan yake, wadda ke ɗauke da ƙaramar folda mai suna STATIC, shi ke nan. Ba mount, ba IRQ, ba ems. Yana aiki a Windows da Linux da macOS, har da wayoyin Android, kuma yana ɗaukar kashi na biyu na wasan, Serpent Isle na 1993, tare da ƙarin labaran nan biyu, Forge of Virtue da The Silver Seed. Ya kuma rage wasu wahalhalu. A asalin wasan kaya a cikin jaka jibge suke kan juna, mabuɗin da ake nema ya ɓuya a ƙarƙashin burodi da tsabar zinariya, mutum ya yi ta janye kaya da linzami yana lalube. Exult ya ba da maɓalli guda da ke gwada duk mabuɗan da ke hannun tawaga. Wurin ajiye ci gaban wasa kuma ba iyaka.

Sai dai sabon inji ba tsohon ba ne. Yadda abokan gaba ke kai hari, da yadda mutanen gari ke zaɓen hanya zuwa shagunansu, waɗannan suna cikin injin da aka sauke, don haka da kallo da kintace aka sake gina su. Sun yi kusa ƙwarai, amma wanda ya san na asali yakan ji bambanci, musamman a faɗa. Ajiyar da aka yi a tsohon wasan ba ta buɗewa a Exult. Akwai kuma jarabar faɗaɗa hoto. Exult yana barin mutum ya ga fili mai faɗi fiye da 320 da 200, abin sha'awa a ido, amma masu zanen wasan sun ɓoye abubuwa ne daidai bayan gefen tsohon allo. Da faffaɗan hoto sai a hango abin da bai kamata a gani ba tukuna, a ga dodanni suna ɓullowa daga iska a wurin da a da ido ba ya kaiwa. Masu Exult da kansu sun yi gargaɗi a kan haka.

Ko ta wace hanya aka bi, fayilolin asali dole ne, kuma suna da mai su. Tsufan wasa ba ya fitar da shi daga hannun Electronic Arts, duk da shafukan intanet da ke raba tsofaffin wasanni da hujjar wai an yi watsi da su. Hanyar da ba ta da ƙura ita ce GOG, kantin intanet da kamfanin CD Projekt na ƙasar Folan ya buɗe a 2008 don sayar da tsofaffin wasanni. Yana sayar da Ultima VII cikakke, an riga an naɗe shi cikin DOSBox an saita, kuma daga foldar nan ɗin Exult yake iya ɗaukar abin da yake so. Tare da shi ana samun hoton littafin wasan da na taswirar ƙyalle da ke zuwa a kwalin asali, kuma kada a raina su. Magajin garin Trinsic, Finnigan, ba ya ba da kalmar sirrin fita daga garin sai an amsa masa tambayoyi a kan wuraren da ke taswirar. Maganin masu kwafar wasa ne na 1992, kuma har yau yana aiki a kan wanda ba shi da takardun.

Ultima VII ya yi sa'a, kuma ba shi kaɗai ba. Morrowind na 2002 ya samu sabon inji mai suna OpenMW, Baldur's Gate na 1998 ya samu GemRB, Daggerfall na 1996 ya samu Daggerfall Unity. Amma kamfanin Beamdog, wanda ya sabunta Baldur's Gate a 2012, ya kasa yi wa Icewind Dale II irin wannan gata saboda an nemi asalin rubutun manhajarsa an rasa. Wani bincike da Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a samunsu a kasuwa yanzu. Littafin da aka buga shekara ɗari da ta wuce ido kawai yake buƙata. Wasan kwamfuta sai da injin da zai karanta shi, injunan kuma ba sa jira.

Ga ɗaliban kimiyyar kwamfuta da ke wannan zaure, akwai riba biyu a nan. Ta farko, wasan ba ya neman sabuwar na'ura. Tsohuwar kwamfutar cinya 'yar Beljiyam ta ishe shi, ba ya buƙatar data bayan an sauke shi, illa dai Turancinsa na da ne, irin na littattafan Shakespeare, sai an ɗan daure a farko. Ta biyu kuma ta fi muhimmanci: rubutun Exult da na DOSBox a buɗe suke ga kowa ƙarƙashin lasisin GPL. Wanda malami ya yi wa bayanin yanayin furosesa a allo bai gane ba, zai gane ranar da ya ga wasa ya ƙi tashi saboda layi ɗaya a fayil ɗin saiti, ya kuma buɗe rubutun DOSBox ya ga yadda aka kwaikwayi wurin.

Wanda yake son ya san abin da mutanen 1992 suka gani, da kurakuransa da komai, ya bi ta DOSBox Staging, ya kashe ems, ya rage gudu. Wanda kuma labarin ne ya kawo shi, kuma wannan ne karonsa na farko, Exult ya fi masa, da sharaɗin ya bar hoton a ma'auninsa na asali. Ku sayi wasan ta halal, ku sauke littafin da taswirar kafin ku je gaban Finnigan, sannan ku kwafe foldar STATIC ku ajiye ta a wuri na biyu.